Tsohuwar Marsandi Mai Shan Gas a Kano: Tambayoyi da Amsoshi kan Matsalolinta da Kuɗin Gyara

Waɗannan su ne tambayoyin da masu manyan motocin dizal na Jamus, da masu shirin saye, suka fi yi a Kano. A nan gari gas ake ce wa man dizal, to duk inda aka ce gas shi ake nufi, ba iskar girki ba. An kawo farashin kaya da dala, kuma kimantawa ce, domin da dala masu shigo da kayan gyara ke lissafi, ga shi tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashi ba ya kwana inda ya wuni. Sai mai karatu ya buga da canjin ranar, ya ɗora kuɗin dako da na kwastan.

Waɗanne motoci ake magana a kai?

Galibi Mercedes-Benz masu harafin CDI a bayan but: E-Class samfurin W210 na 1995 zuwa 2002 da W211 na 2002 zuwa 2009, sai S-Class samfurin W220 na 1998 zuwa 2005 da W221 da ya biyo bayansa. Abin da ya kamata mai mota ya haddace shi ne lambar injinsa, ba rubutun da ke kan but ba. E220 CDI ta W211 tana ɗauke da OM646 mai silinda 4. E320 CDI iri biyu ce: ta 2002 zuwa 2005 tana da OM648 mai silinda 6 a jere, daga 2005 kuma aka koma OM642 mai silinda 6 a siffar V. Suna ɗaya, amma cutarsu daban, kuɗin maganinsu ma daban. Tsohuwar V-Boot ta gas, wato W124 mai OM602 ko OM603, ba ta cikin wannan lissafi sosai, domin famfonta na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da ke juya shi.

Gaskiya ne injin gas na Marsandi ba ya mutuwa?

Gangar jikin injin, wato fistan da kiranshaf da sarƙar taimin, tana da juriya ƙwarai. Ba abin mamaki ba ne OM646 ko OM648 ya haura kilomita 400,000 ba a buɗe shi ba, shi ya sa masu tasi a Jamus suka riƙe su shekara da shekaru. Abin da ke cin kuɗi shi ne abubuwan da ke kewaye da injin: nozul, tabo, robobin toshe mai, balan-balan na ƙafa, birki mai lantarki, da giya. Yawancinsu ma ƙaramar cuta ce tun farko, washa ɗaya ko roba ɗaya, aka bari ta girma, ko aka miƙa motar ga bakaniken da ke canza kaya da ka har a dace.

Me ya sa ake cewa gas ɗinmu ne babban abokin gabar waɗannan motoci?

Saboda yadda injin CDI ke shan mai. Famfon matsi yana tura gas cikin bututu guda da ke ciyar da dukkan nozul da ƙarfin da ya kai bar 1,350 (bar shi ne ma'aunin matsi) a injunan farko, bar 1,600 a OM648 da OM642. Iskar taya bar 2 da ɗan ɗoriya ce, sai a kwatanta. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin famfon da nozul ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma babu abin da ke shafe su sai shi kansa gas ɗin. Idan aka surka shi da kananzir, santsinsa ya ragu, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Idan da ruwa a ciki, tsatsa ta shiga. Da famfo ya fara zubar da garin ƙarfe kuwa, garin zai bi bututu ya shiga kowane nozul, ya koma tanki ta layin dawowa. A nan gyaran ya zama famfo, da nozul duka, da wankin tanki da layuka, abin da kan haura dala 2,000 a inji mai silinda 6.

Sai batun farar wuta, wato sulfa. A Turai tun 2009 ba a yarda gas ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Najeriya ta daɗe tana karɓar mai kashi 3,000 cikin miliyan, kafin ƙasashen ECOWAS su amince da kashi 50 a 2020. Yawan farar wuta yana sa baƙin mai ya yi tsami da wuri, yana ƙara toka a bawul ɗin EGR mai mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji, yana kuma toshe matatar hayaƙi.

Abin yi a aikace: a zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu da manyan motoci ke yawan sha, inda gas ba ya kwantawa a tanki, a tsaya a kansu. Kada a sha na jarka a bakin titi, komai matsi. Kada a sha a lokacin da tanka ke sauke mai, domin dattin ƙasan rijiyar ya taso. Kada a bar tanki ya sauka ƙasa da kwata. Filtar gas a canza ta duk kilomita 10,000 zuwa 15,000, ta Mann ko Mahle ko Bosch ta gaske, dala 25 zuwa 60, ta fi tsada idan mai na'urar gano ruwa ce. Duk lokacin da aka cire tsohuwar, a juye abin cikinta a kwalba mai haske a ajiye minti goma. Ruwa zai kwanta a ƙasa, garin ƙarfe zai yi ƙyalli. Wannan kwalbar tana faɗin gaskiyar gidan man da mutum ke sha fiye da kowa.

Ina jin warin hayaƙi a cikin mota idan AC na aiki, da wata ƙara cif-cif daga inji. Mene ne?

Washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin nozul ce ta saki. Hayaƙin cikin silinda yana hurowa ta gefen nozul, yana daskarewa ya zama baƙin abu kamar kwalta. A cire murfin robar da ke saman inji a duba. Idan an ga baƙin dunƙule a gindin nozul, shi ne. Wannan ciwo ya zama ruwan dare a dukkan injunan CDI.

Idan aka kama shi da wuri, aikin awa ɗaya ne zuwa biyu, washa da sabon bol ba su wuce dala 10 ba ga kowane nozul. Idan aka bari wata da watanni, kwaltar takan binne nozul da wayoyinsa, ta ƙone fulogin wayar, nozul ya kafe sai da na'urar zaro, wani lokaci a fasa murfin saman inji wajen fitar da shi.

Yadda ake yin aikin daidai: a cire nozul inji na da ɗumi, a tsaftace ramin tas, a gyara mazaunin washar da abin yankan da aka yi don haka idan hayaƙi ya ci shi, a sa sabuwar washa, a shafa man shafawa mai jure zafi a jikin nozul ban da bakinsa. Bol ɗin da ke danne nozul sau ɗaya ake amfani da shi domin miƙewa yake yi. Ana ɗaure shi da sifana mai awo a kan niyuton-mita 7, sannan a juya digiri 90 sau biyu. Ramin bol ɗin dole ya zama babu mai babu datti, in ba haka ba zaren alminiyam ya tsinke. Bakaniken da ya gasa tsohuwar washa a wuta ya mayar, ko ya ɗaure bol da ƙarfin damtse, aikin zai dawo cikin 'yan makonni.

Motar tana daɗewa tana kik kafin ta tashi. Nozul ne ko hita?

A lura da lokacin da take yi. Idan da asubahin hunturu ne kawai, ta tashi da farin hayaƙi da rawar jiki na 'yan daƙiƙu sannan ta daidaita, to fulogin hita ne, masu ɗumama cikin silinda kafin inji ya tashi, ko akwatin da ke ba su wuta. Kowane fulogi dala 15 zuwa 30. A kwance su inji na da zafi, bayan an jiƙa su da man sassauta tsatsa, kuma a hankali, domin idan ɗaya ya karye a ciki aiki ya koma na mai injin huda.

Idan kuwa ta fi wahala bayan ta yi zafi, ko sai an daɗe ana kik komai yanayi, yawanci wani nozul ne ke mayar da mai da yawa ta layin dawowa, matsi ya kasa taruwa. Kwamfutar gwaji takan nuna lambar matsala P0087. Gwajin mai sauƙi ne: a sa ƙaramin tiyo da kwalba mai awo a kan kowane nozul, a tayar da inji na 'yan mintuna, wanda kwalbarsa ta fi sauran cika sosai shi ne mai laifi. Da wannan gwaji ake gane cewa ɗaya za a canza, ba shida ba. Nozul na Bosch da aka sabunta dala 200 zuwa 350 ne, kuma yana zuwa da lambar da ake shigar wa kwamfutar injin. A tsofaffin injuna irin OM611 da OM613 a duba fararen tiyon roba na gas, domin robobin bakinsu kan bushe su riƙa shan iska, mai ya koma baya cikin dare.

Abubuwa biyu da ba a yi: fesa fetur ko maganin sauro a bututun iska don ta tashi, da kuma sassauta bututun matsi inji na aiki. Na farko yana iya fasa fistan, na biyu gas ɗin yana iya huda fata ya shiga nama.

Tana tafiya lafiya, sai ƙarfi ya ɗauke, ta ƙi wuce gudun Keke Napep. An ce tabo ne.

Kafin a yarda, a sa mata kwamfuta. Abin da ya faru shi ne kwamfutar injin ta ga wani abu ba daidai ba ta rage ƙarfi don kare inji, kuma dalilan suna da yawa. Tiyon da ke kai iska daga tabo ya tsage, za a ji huci a ga baƙin hayaƙi da jiƙewar mai a wurin, lambar P0299 ta fito. Na'urar awon iska ta ƙazantu da ƙurar hunturu saboda filtar iska ta jabu. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji, ya cushe da toka saboda cunkoson cikin gari. Ƙaramin akwatin lantarki da ke juya fukafukan tabo ya lalace, shi kuma ana gyara shi ko a canza shi shi kaɗai. Duk waɗannan tsakanin dala 30 ne zuwa 300. Tabo sabo dala 700 zuwa 1,500.

Tabon da ya mutu da gaske yana da alamunsa: kuka kamar jiniya, shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, da sandar tsakiya mai girgiza har fanka na taɓa bango. Idan za a canza shi, a canza bututun da ke kai masa mai, a wanke akwatin sanyaya iska, a yi juye. Wanda ya taso daga Kaduna ko Zariya da gudu kuma ya bar inji ya yi silo minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe.

Kwamfutar da ake nufi ita ce ta Marsandi, wadda ake kira Star, ko wata babba da ke shiga kowane sashe na motar. Ƙaramar da ake haɗawa da waya injin kawai take gani, shi ma rabi.

Tawa mai injin V6 ce, baƙin mai yana ɗiga ta tsakanin inji da giya. An ce sai an sauke giya.

A dakata. A OM642 mafi yawan wannan yoyo daga robobin akwatin sanyaya baƙin mai yake, wanda ke zaune can ƙasan kwarin V. Man yana taruwa a kwarin ya gangara ta wani rami ya fito ta wajen giya, sai a ɗauka sil ɗin bayan kiranshaf ne. Robobin farko ruwan lemo ne, zafi yana busar da su, daga baya kamfanin ya koma masu ruwan shunayya da suka fi jurewa. Su kansu ba su kai dala 20 ba, amma kafin a kai gare su sai an cire tabo da bututan shigar iska biyu da layukan gas, aikin awa 8 zuwa 12. Cikakken saitin gaskit ɗin aikin dala 100 zuwa 200. Tunda an buɗe, a wanke tokar bututan shigar iska, a duba ƙananan ƙofofin da ke cikinsu.

Akwai kuma wata jar roba a bakin tabo. Idan ta saki, mai yana ɗiga kai tsaye kan ƙaramar motar lantarki da ke juya waɗancan ƙofofi, ta ƙone, wani lokaci ta tafi da fis, mota ta rasa ƙarfi. Robar dala 10 ce zuwa 15, kuma ya kamata a canza ta duk lokacin da aka cire bututun iska. Wannan na daga dalilan da suka sa, ga mai zama a Kano, OM648 da OM646 suka fi OM642 kwanciyar hankali.

Matatar hayaƙi, DPF, a cire ta ko a bar ta?

Yawancin motocin da aka yi wa kasuwar Turai daga wajen 2005 zuwa sama suna da ita. Tana tara toka, idan ta cika sai injin ya ƙara mai ya ɗaga zafinta zuwa kusan digiri 600 ya ƙone tokar. Hakan na bukatar tafiya miƙaƙƙiya ta minti 20 zuwa 30. Motar da aikinta kai yara makaranta da zuwa Kantin Kwari ba ta samun wannan dama, ƙonawar tana katsewa, gas ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikin baƙin mai. Idan aka ga baƙin mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, wannan ne, kuma haɗari ne ga inji.

Mataki na farko shi ne a riƙa fitar da ita hanyar Zariya ko ta Wudil sau ɗaya a mako ko biyu, a yi amfani da baƙin mai mai ƙarancin toka, a tabbatar na'urar awon matsin matatar da tamostat suna aiki. Matatar da ta toshe ana iya cire ta a wanke. Masu fasa cikinta da rodi su mayar da gwangwanin suna jawo sabuwar matsala, domin kwamfuta ba ta san an cire ba, za ta ci gaba da zuba mai don ƙona abin da babu, ga baƙin hayaƙin da na bayanka a danja zai shaƙa. Mai neman saye ya nemi wadda tun daga kamfani ba ta da ita. Masu rubutun BlueTEC da ake kawowa daga Amurka sun fi kowace rashin jituwa da gas mai farar wuta.

Na wayi gari motar ta durƙusa a ƙasa. Nawa zan kashe?

Wannan Airmatic ne, ƙafa mai iska, wadda ke kan yawancin S-Class da wasu E-Class. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: balan-balan na roba ne, bayan shekara goma ko fiye, da zafin Kano da ramuka da tudun rage gudu, dole ya tsage. Idan kusurwa ɗaya ce ke sauka, balan ɗin wajen ne ko tiyonsa. A fesa ruwan sabulu a saman shokazoba da mahaɗan tiyo, kumfa za ta nuna wurin. Idan duk motar ce ta ƙi tashi, a duba fis da rile da kwamfiresa, wadda ke bayan bamba ta gaba kusa da taya.

Yadda abin ke tafiya kusan kullum iri ɗaya ne: ƙaramin yoyo ya sa kwamfiresa aiki ba hutu, rile ya manne, kwamfiresa ta ƙone. Wanda ya canza kwamfiresa bai toshe yoyon ba, bai sa sabon rile ba, zai sake saye. Kwamfiresa dala 200 zuwa 500, rile bai kai dala 20 ba, shokazoba mai iska ta kamfanoni masu suna dala 350 zuwa 700 kowace ɗaya, ta Marsandi ta haura dala 1,000. Ta gwanjo caca ce, domin shekarunta ɗaya da wadda aka cire. Kada a tuƙa motar tana durƙushe, taya zai ci fenda.

Mayar da ita sifirin na ƙarfe hanya ce mai ma'ana ga wanda ba zai iya ɗaukar wannan hidima ba. Saitin da aka yi don motar dala 600 ne zuwa 1,200, kuma sai an rufe gargaɗin dashbod ta kwamfuta. Laushin tafiyar zai ragu. Abin da ba shi da kyau shi ne a yanko sifirin wata mota a yi walda.

Mene ne SBC da ake tsoratar da masu W211 da shi?

Birki ne da famfon lantarki ke matsawa, ba ƙafar direba kai tsaye ba. Yana kan W211 daga 2002 zuwa tsakiyar 2006, lokacin da aka sabunta motar aka koma birki na al'ada. Famfon yana ƙirga yawan taka birki, idan ya kai iyakarsa sai gargaɗi ya fito. Farin rubutu na nufin a je gareji, ja na nufin a tsaya, domin abin da ya rage birkin gaba ne kawai ba tare da taimako ba, kuma mota mai nauyin kusan tan 2 ba ta tsayuwa da shi cikin sauƙi. Famfon da aka sabunta dala 600 zuwa 1,500, sai an haɗa shi da kwamfuta an fitar da iska da ita. Goge ƙirgen ba tare da duba lafiyar famfon ba wasa da rai ne.

Bakanike ya sani: kafin a taɓa birkin wannan mota sai an kashe SBC, domin buɗe ƙofa kaɗai na iya tayar da famfon ya matse yatsun mai aiki. Man birki a canza shi duk shekara 2. Motar tana da batir biyu, babba a but da ƙarami a gaba, kuma raunin kowannensu yana kawo gargaɗin birki.

Giya tana fizga, wani lokaci ta maƙale a lamba biyu.

A giya mai lamba 5, wato 722.6, abu biyu ne suka fi yawa. Farantin lantarki da ke cikin giya, mai ɗauke da na'urorin awon gudu, ya tsage, lambar P0715 ko P0720 ta fito. Dala 100 zuwa 250 ne, ana canza shi ta ƙasa ba a sauke giya ba. Sai soket mai fil 13 da ke gefen giya, wanda robarsa kan saki, mai ya bi cikin waya har ya isa kwamfutar giya. Dala 10 zuwa 20 ne, a canza shi duk lokacin da aka canza man giya. A motocin farkon shekarun 2000 masu lagireton Valeo, ruwan sanyaya inji kan shiga man giya, mota ta riƙa kakkarwa a ƙaramin gudu. A mai lamba 7, wato 722.9, kwamfutar a jikin farantin take, ta fi tsada, kuma sai an ɗaura ta da motar.

Maganar cewa man giyar Marsandi ba a canza shi ba ta dace da zafinmu ba. A canza mai da filta da gaskit duk kilomita 50,000 zuwa 60,000, da mai mai lambar MB 236.14, sai dai mai lamba 7 da aka yi daga tsakiyar 2010 kuwa 236.15 take sha. Sauke faranti yana fitar da kusan lita 4. Mai lamba 5 ana auna ta da sandar awo ta gareji a zafin digiri 80, mai lamba 7 ta ƙasa ake cika ta a digiri 45.

Bakanike ya ce a cire tamostat saboda zafin Kano.

Kada a yarda. An gina injin ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 95. Idan ya zauna ƙasa da haka yana ƙara shan mai, yana tara toka, matatar hayaƙi ba ta ƙonewa. Motar da ke zafi a watan Afrilu, lokacin da gari ke haura digiri 40, tana da dalili: lagireto da kwandensa sun cushe da ƙura, fanka ta yi rauni, murfin tankin ruwa ba ya riƙe matsi, ko famfon ruwa ya gaji. A cikin lagireto a zuba ruwan sanyaya mai lambar MB 325.0 rabi da rabi da tataccen ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri yana cin alminiyam.

Wane baƙin mai, kuma yaushe ake juye?

Mara DPF: mai lambar MB 229.3 ko 229.5, kaurin 5W-40. Mai DPF: 229.51 ko 229.52. OM646 yana cin kusan lita 6.5, OM642 lita 8 zuwa 8.5. Dashbod zai ce a jira kilomita 15,000 ko fiye, wannan lissafin Turai ne. A nan a yi juye duk kilomita 5,000 zuwa 7,000 tare da filta. Filtar iska a duba ta duk wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a canza ta, kada a yi ta hura mata iska mai ƙarfi har takardar ta yage.

Me damina ke yi wa waɗannan motoci?

Abu biyu. Ganyen darbejiya da ƙura suna toshe magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, ruwan Agusta ya taru ya malala cikin fankar AC da akwatunan lantarki da ke ƙarƙashin kafet. W220 ta yi suna a wannan. A buɗe magudanar a wanke tun watan Mayu, aikin minti 20 ne. Na biyu, kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a titi. Injin gas yana matse iska kusan ninki 18, ruwa kuwa ba ya matsuwa, kofi ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar fistan. Idan ta mutu a cikin ruwa kada a sake kik; a ja ta, a cire fulogin hita ko nozul, a fitar da ruwan tukuna.

BMW da Audi fa?

Injin M57 na BMW 530d da 730d yana da ƙarfi da juriya, amma ƙananan ƙofofin bututun shigar iska kan karye su faɗa cikin silinda, shi ya sa masu motar da yawa ke cire su a toshe gurbin tun kafin su yi ɓarna. Tamostat biyu gare shi, kuma fulin kiranshaf mai roba yana rabewa. Giyar ZF mai lamba 6 tana yoyo ta soket da farantin roba. Audi 3.0 TDI sarƙar taimin ɗinta a bayan inji take, gyaranta sai an sauke inji. Kayan Marsandi da masu gyaranta sun fi samuwa a Kano.

Ina ake samun kaya, kuma wanne ya halatta a saya na gwanjo?

Kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari su ne farkon zuwa, abin da babu a aiko daga Ladipo a Legas, ko a yi oda daga waje da lambar shasi. Na gwanjo ya yi a ƙofa, fitila, bamba, oltaneta, kik, har inji ko giya sukutum idan an ba da kwanakin gwaji. Kada a sayi na gwanjo a roba, washa, bol na nozul, filta, balan-balan, boljoyin da famfon SBC. Nozul na gwanjo sai an ɗora shi a injin gwaji an gani da ido.

To, da gaske akwai sauƙi a kan ta fetur?

A doguwar hanya E320 CDI tana shan lita 7 zuwa 8 a kilomita 100, a cikin gari 10 zuwa 11, takwararta ta fetur kuwa takan kai 14 a gari. Kano zuwa Abuja, kilomita 400 da ɗoriya, lita 35 ta isa. Sai dai litar gas ta daɗe tana fin ta fetur tsada, har bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ribar tana ga mai yawan tafiya Kaduna, Abuja ko Maiduguri. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Zoo Road zuwa Bata ba, abin da ya rage a gidan mai zai mayar da shi a gareji. Duk wanda zai saya ya ware kwata zuwa sulusin kuɗin motar don gyaran shekarar farko.

Me zan duba kafin in biya?

A je da safe inji na sanyi, a taɓa shi a tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba. A cire murfin saman inji a duba gindin nozul. Inji na silo a kwance murfin baƙin mai a ɗora shi a bakin ramin: idan yana rawa kaɗan ba komai, idan hayaƙi na tunkuɗe shi ring ya gaji. A sa Star a karanta kowane sashe, a gwada kilomitar dashbod da wadda ke ajiye a wasu akwatunan motar, domin ana mayar da agogo baya. A ɗaga kafet ɗin but da robar ƙofa a duba asalin fenti. Ruwan hauren giwa alamar tsohuwar tasin Jamus ce. A ɗora ta a rami a duba tsatsar gishirin titunan Turai, musamman mazaunin sifirin gaba na W210 da bututan birki. Mai Airmatic a auna tsayinta da yamma a dawo da safe a sake aunawa. A nemi makulli biyu, a kuma tantance takardun kwastan.

An zuba mini fetur a maimakon gas. Yaya zan yi?

Kada a murɗa makulli ko zuwa wutar dashbod, domin a yawancinsu famfon tanki yana fara turawa tun daga nan. A tura motar gefe, a ja ta zuwa gareji, a zuƙe tankin duka, a canza filta, a cika da gas. Idan an riga an yi tafiya da ita, a yanka tsohuwar filtar a duba ko da garin ƙarfe, a kuma yi gwajin kwalba a kan kowane nozul kafin a mayar da ita hanya.